Kafin Ka Biya Kuɗin Rajista: Nasiha Ga Ma'aikatanmu Na Haj Abdalla

'Ya'yana, tun da yaƙi ya lafa a nan, hanya ta buɗe, mutane suka fara komowa gida, akwai tambayar da ke yawan zuwa mini daga bakin waɗanda Allah ya ba abin yi a cikinku. Mai aiki a banki ya yi ta, mai riƙe da sito a kamfanin sukari ya yi ta, malamin makarantar da ke buɗe kanti da la'asar ya yi ta, har da wata 'yata da ke aiki da ƙungiyar agaji. "Baba, karatun nan na gudanar da kasuwanci da ake yi ana aiki, da yamma ko ranar Asabar, in shiga ko in bari?"

Ba na gaggawar cewa shiga, ba na gaggawar cewa bari. Nakan fara tambayar mutum: lissafin wa ke hannunka yanzu? In akwai kanti, ko sito, ko asusun ƙungiya, ko hawasha, wato gona a shirin noman Jazira, da kake juya kuɗinta, sai mu zauna mu yi magana mai tsawo. In babu, maganar gajera ce. Karatun nan kamar taki yake. A gonar da aka riga aka shuka yakan ninka amfani, a fili kuwa ciyawa kawai zai tayar.

Abin da ake magana a kai ba baƙo ba ne. Jami'ar Jazira da ke Madani, wadda aka kafa a 1975, ta daɗe tana koyar da tattalin arziki da lissafin kuɗi da gudanarwa. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan, tun 2002, wadda dama an yi ta ne domin wanda ba zai iya barin aikinsa ya zauna a aji ba. Akwai karatun intisabi, ka yi karatu a gida ka je jarrabawa. Wanda ya riga ya sami digirin farko kuwa yakan nemi babbar difloma, ko majistir na gudanar da kasuwanci, wanda 'yan uwanmu na Kano da Zariya suke kira MBA. Asalinsa daga Amurka ne, Jami'ar Harvard ta fara ba da shi a 1908, domin manyan kamfanoni suna bukatar masu riƙe musu ragama. Ku riƙe wannan a zuciya, don zan komo kansa.

Bari in fara da dalilin da ya sa zuciyata ke karkata ga karatun, ko da bakina na ja muku kunne.

Kakanninmu ba da takarda suka shigo ƙasar nan ba. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi a wajen 1906. Wasu kuma alhazai ne masu takawa zuwa Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na jirgi, tsayuwar ta zama zama. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ruwa ya shiga Jazira, auduga ta bukaci hannu, hannun kuwa namu ne da na 'yan uwanmu na yamma. Kaɗan daga cikin iyayenmu ne suka sami hawasha da sunansu. Mafi yawa tsinkar auduga suka yi, da noman sharaka, da zaman kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago. A tsarin wancan lokaci mai hawasha na da kashi 40 cikin ɗari na kuɗin auduga, gwamnati da kamfanin Turawa su raba sauran. To wa ke auna ƙintari? Wa ke rubuta abin da aka cire na noma da na gurza? Wa ke cewa ga abin da ya rage? Ba mu ba. Mai hawashar kansa sai abin da bashkatibi, babban magatakarda, ya karanta masa, balle wanda ke yi masa aiki. Kamfanin ya tafi a 1950, hukumar Jazira da ke Barakat ta karɓa. A 1981 aka bar asusun haɗin gwiwa, kowane manomi ya koma da nasa lissafin, a caje shi kuɗin ruwa da na ƙasa. Sannan dokar 2005 ta zo ta ce kowa ya shuka abin da ya ga dama, ya kuma nemo wanda zai ba shi jari.

Tun daga ranar manomin Jazira ya zama ɗan kasuwa, ko yana so ko ba ya so. Da, mufattishi, jami'in da ke duba gonaki, ke gaya masa abin da zai shuka da ranar da ruwa zai shiga abu-ishirin, magudanar da ke shayar da gonarsa. Yau shi zai zaɓa tsakanin alkama da albasa da gyaɗa, shi zai zauna da banki, shi zai sa hannu a yarjejeniya da kamfanin da zai ba shi iri da taki ya karɓi amfani. A shirin noman da ya haura fadan miliyan 2, mutanen da suka iya karanta irin wannan takarda su gane inda tarko yake ba su da yawa, a cikinmu kuwa sun fi ƙaranci. Shi ya sa idan na ga ɗanmu na son ya koyi wannan fanni ba na iya ɓoye murnata. Shekara ɗari muna noma wani na rubutawa.

Yanzu ga abin da nake nufi da amfanin karatun, a kusa, ba a sama ba.

Ku tuna 2021. A watan Fabrairu babban banki ya karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga 55 ta koma wajen 375 a hukumance. Zuwa Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Na ga kantuna da yawa sun mutu a lokacin, masu su kuwa har ranar da suka rufe ƙofa suna rantsuwa riba suke ci. Ga yadda abin ke faruwa. A ce ka saro buhun sukari 12, kowane a kan 100,000. Ka sayar da kowane 110,000. Ka duba littafi, ka ga ribar 120,000, ka yi hamdala, ka ɗauke ta ka yi cefane ka biya kuɗin makarantar yara. Ka koma Madani sari da uwar kuɗinka, 1,200,000, ka tarar buhu ya zama 120,000. Buhu 10 za ka ɗauko. Ko da ba ka taɓa ko sisi ba, 11 za ka samu. Abin da ka ci ba riba ba ne, kantinka ka ci. Ka maimaita wannan zagaye kaɗan, sai ka ga kanta ta yi fayau, kana neman wanda ya yi maka asiri. Ɗan kasuwar da ya san cewa farashin sayarwa ana ɗora shi a kan abin da za a sake saro kaya da shi, ba a kan abin da aka saya jiya ba, shi ya tsira. Wasu tsofaffin 'yan kasuwa sun san haka a jikinsu ba tare da sun shiga aji ba. Amma sun san shi ne bayan ya ƙone su, kuma ba kowa ke tashi bayan ƙunar farko ba.

Haka maganar bashi. Duk mun san shel, abin da a ƙasar Hausa ake ce wa falle: ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi da damina, ka biya da buhunan dawa da kaka, a farashin da shi ya yanka. Mun san yana da ciwo. Amma nawa ne a cikinku za su iya zama da takardar salam ta banki, wato banki ya sayi amfaninka tun kafin kaka, su kwatanta ta da shel ɗin, su faɗi wanne ya fi tsada, da nawa? Nawa ne suka san su nemi sharaɗin izalatul gubni a rubuce, wanda ke sa a gyara lissafi idan farashin kaka ya yi nisa da wanda aka yanka? Ko murabaha: a ce maka ribar banki kashi 20 ce, ka ji ta da sauƙi, ba ka lura da cewa na wata 6 ba ne, wato a shekara ta ninka, kuma an fara karɓar biya tun kafin kayan su juya. Sannan a miƙo maka cak ka sa hannu. Babu wanda ya girma a ƙasar nan da bai ji "yabƙa li hinis sadad" ba, a tsare mutum sai ya biya. Mutanen kirki da yawa sun kwana a gidan yari ba don sun ci amana ba, sai don sun sa hannu a kan ranar biya da ba ta dace da ranar shigowar kuɗinsu ba. In karatun yamma zai koya wa ɗana ya jera watanni a takarda, ga ranar da kuɗi za su fita, ga ranar da za su shigo, ya ga ramin da ke tsakani kafin ya faɗa, wallahi ya biya kuɗinsa.

Ko ajiyar albasa. Da rani tana arha, da damina ta yi tsada, kowa ya sani. Amma tsakanin nan da can akwai ramar nauyi, da ruɓa, da kuɗin rumfa, da na masu juyawa, da kuɗinka da suka kwanta ba sa motsi. A ce cikin buhu 100 ka fitar da 70 masu kyau. Farashi nawa ya kamata ta kai kafin ka ce ajiyar ta fi sayarwa a bakin gona? Wannan tambaya tana da amsa da alƙalami, amma yawancinmu da zuciya muke amsa ta.

To, ga inda zan ja muku kunne.

Na ce muku asalin karatun nan don manyan kamfanoni aka yi shi, kuma har yau warin asalinsa bai bar shi ba. Za ka zauna a aji a yi maka bayanin yadda kamfanin mota a Jafan ke tsara sitonsa, ko yadda ake sayar da hannun jari a Landan, kai kuwa damuwarka ita ce dillalin da ya karɓi kayanka ya ce sai bayan kasuwa biyu. Wani darasin zai shige ka kai tsaye, kamar lissafin kuɗi, da na tsadar kaya, da dokar kwangila, da tsarin bankin Musulunci. Wani kuwa sai ka tace shi da kanka, wani ma haddacewa za ka yi ka zubar a takardar jarrabawa. Malami nagari zai ce kawo matsalar wurin aikinka mu warware. Wani kuma takardar darasin da ya rubuta tun kana firamare zai miƙo maka. Saboda haka kafin ka biya, nemi wanda ya gama a wurin, kada ka tambaye shi ko karatun na da kyau, kowa zai yabi abin da ya kashe wa kuɗi. Ka tambaye shi me ya canja a aikinsa ranar Lahadi da safe saboda abin da ya ji ranar Asabar. In ya tsaya yana kame-kame, ka sami amsarka.

Kuma kada kwali ya sa ka raina mahaifinka. Tsohon da ya yi shekaru yana sayar da busasshen kifi ko yana gasa agashe ya san abin da ba a rubuta ba: wa ake ba bashi, wa ake yi wa murmushi a hana shi, yaushe ake rage farashi don a riƙe mutum. Na ga yaron da ya dawo da majistir ya ce zai gyara kantin gidansu, ya fara da soke bashin amana gaba ɗaya, wai ba ya cikin tsari. Kafin kaka abokan cinikin da uban ya tara tun yana saurayi sun koma maƙwabta. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya rubuta bashin, ya sa masa iyaka da lokaci, ba ya kashe shi ba.

Sai tsadarsa. Kuɗin rajista shi ne ƙarami a ciki, ko da yake shi ma yana tashi duk lokacin da fam ta faɗi, kuma abin da aka gaya maka a shekarar farko ba lalle shi za ka biya a ta biyu ba. Ka ƙara kuɗin mota tsakanin nan da Madani ko Sinnar. Ka ƙara intanet, da wutar da za ka caja waya, tunda yanzu rabin darasi ta waya yake zuwa. Amma mafi tsada shi ne lokacin da ba naka kaɗai ba ne. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kai kuwa uku za ka haɗa: aiki, da karatu, da gida. Wanda ke noma ya ƙara ta huɗu, domin jadawalin jarrabawa bai san cewa shukar alkama a Nuwamba take ba, bai san girbinta a Maris ba. Zumunci zai ragu. Za a yi suna ba a gan ka ba, a yi zaman makoki ka zo a tsaye. Ka gaya wa iyalinka gaskiya tun farko, shekara biyu ce ko fiye, kada ka ce musu "ɗan lokaci ne". Matar da aka shawarta takan taya ka kore yara daga ɗaki, wadda aka yi wa ba-zata kuwa littafin zai zama kishiyarta, kuma ba ta yi laifi ba.

Ke kuma 'yata, naki ya fi nauyi, ban ɓoye miki ba. Namiji in ya dawo daga aji abinci zai tarar, ke tukunya za ki tarar. Kada ki shiga sai kin zauna da maigidanki, da wadda za ta riƙe miki yara, an raba aikin a fili. Amma in an daidaita kada ki ja da baya. Adashin da matan unguwa ke yi, da ƙungiyoyinsu na sana'a, kuɗi ne masu yawa ke wucewa ta ciki, kuma abin da ya fi rusa su ba sata ba ce, rashin rubutu ne da zargin da yake haifarwa.

Abu guda na hana, kuma ba na sassautawa: kada a sayar da jari a sayi karatu. Kada a taɓa uwar kuɗin kanti, kada a jinginar da hawasha, kada a sayar da saniyar tatsa. Wanda albashinsa ko ribarsa ba za su ɗauki kuɗin ba tare da an rage abincin gida ba, ya dakata. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma wanda ya biya shekara ɗaya ya tsaya ya fi kowa asara, ba kuɗi ba kwali.

Akwai kuma darasin da yaƙi ya koya mana. Tun 15 ga Afrilu 2023 jami'o'in Khartum suka watse. A Disamba na shekarar Madani ta faɗi, ba ta dawo hannun soja ba sai Janairu 2025. Ɗalibai nawa ne suka rage musu zango ɗaya suka zauna jiran gawon shanu? Wasu jami'o'in sun yi ƙoƙari, suka koma koyarwa ta intanet, suka buɗe cibiyoyin jarrabawa a wasu garuruwa da ma ƙasashen waje. Saboda haka yau akwai tambayoyin da dole a yi wa magatakardan jami'a, waɗanda da ba a yi: in hanya ta rufe, ina zan rubuta jarrabawa? Sakamakona yana ajiye a ina? Waɗanda suka gama bara sun karɓi takardunsu? Kuma kowane zango ka karɓi sakamakonka da hatimi, ka ɗauki hotonsa ka tura wa ɗan uwa a wani gari. A wannan rikici ne kuma 'yan damfara suka yi yawa, masu tallar majistir a Facebook cikin wata shida daga jami'ar da ba wanda ya taɓa ganin ƙofarta. Takardar da ma'aikatar ilimi mai zurfi ba za ta buga wa hatimin tabbatarwa ba, ko ƙosai ba za a naɗe da ita ba.

Masu neman ƙarin girma a wurin aiki, ku je ku tambaya kafin ku fara, ba bayan kun gama ba. A wasu wurare takardar na buɗe ƙofa da gaske, musamman bankuna da ƙungiyoyin agaji, inda akan rubuta ta cikin sharuɗɗan muƙami. A wasu wuraren ɗan alawus ne za a ƙara maka, wanda hauhawar farashi za ta haɗiye kafin ka gama biyan bashin walima. Mai niyyar fita Saudiyya kuma ya sani cewa akawu a can sai ya yi rajista da hukumar akantocin ƙasar, kuma suna ta mayar da irin waɗannan ayyuka hannun 'yan ƙasarsu. Mai wannan niyya wataƙila takardar ƙwarewa a lissafin kuɗi da gyaran Turancinsa sun fi masa majistir amfani. Wanda kuwa burinsa kawai a kira shi ustaz a wurin ɗaurin aure, na roƙe shi ya bar kujerar ga wani.

Ban manta da wanda bai wuce sakandare ba, ko ya tsaya a allo, amma kasuwa na hannunsa. Ɗana, ba sai ka jira jami'a ba. Nemi wanda zai koya maka riƙe littafi: shafin shiga, shafin fita, shafin bashi, da ƙidayar kaya a ƙarshen wata. Ka raba kuɗin kanti da na aljihu, ko a manhajar Bankak ta waya ne kada su zauna a asusu ɗaya. Ka yanka wa kanka albashi kamar yaron shago. Wannan kaɗai ya kai rabin abin da masu zuwa Madani za su dawo da shi.

Wani amfani da ba a rubuta shi a takardar talla shi ne mutanen da za ka zauna da su. A aji guda za ka haɗu da ma'aikacin bankin manoma, da injiniyan ban ruwa, da mai kamfanin sufuri. Mu da aka daɗe ana kallonmu a matsayin 'yan kambo da masu tsinkar auduga, zama a benci ɗaya da waɗannan, a ga lissafinka ya fi nasu tsabta, yana gyara abin da doguwar muhawara ba ta gyarawa. Sai dai wannan na samuwa ne ga mai zuwa aji ya buɗe baki. Mai karatu ta waya shi kaɗai a ɗaki ya sani cewa wannan kason bai same shi ba, sai ya neme shi ta wata hanya.

Wanda ya auna duk wannan ya ga zai iya, ya shiga da bismillah, ya tafi da littafin kantinsa ko na ofishinsa a jaka, duk abin da aka koyar ya gwada a kansa a daren. Idan kuma lokacin rubuta bincike ya zo, ina da roƙo. Kada ka kwafo maganar wani kamfani da ba ka taɓa gani ba don ta fi sauƙin samun littattafai. Rubuta a kan namu. Bi buhun albasa daga gona har kasuwar Madani, ka faɗi nawa manomi ya samu, nawa dillali, nawa mai mota. Ko ka lissafa abin da mai noman sharaka ke tashi da shi a fadan ɗaya bayan an cire komai, har da ladan guminsa da na 'ya'yansa, wanda ba a taɓa sa wa farashi ba. In ka gama ka kawo kwafi guda a ajiye wurin shugaban ƙungiyar manoma, a tara mutane bayan sallar la'asar, ka karanta musu da Hausa.